Ciyar da Almajiri da Riƙon Maraya a Birnin Zariya: Waiwaye Daga Ƙofar Galadima

Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ilmi a ƙasar Hausa ya san an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan malamai, da littattafan da suka karantar, da jerin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da kowace uwa za ta fara yi idan aka ce za a kai ɗanta karatu wani gari, watau wa zai ba shi abinci, ina zai kwana, wa kuma zai dube shi in ya kwanta ciwo. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun amsar wannan tambaya a birnin Zariya, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau, mu ga yadda jama'a suka ɗauki nauyin yaron da ba nasu ba, ko almajiri ne ko maraya, da kuma abin da ya sami wannan tsari daga baya.

Abin da muke so mu tabbatar shi ne, sadakar da ta raya yara a wannan birni ta tsaya ne a kan sanayya. Mai bayarwa ya san yaron, ya san malaminsa, ya san inda yake kwana. Ranar da sanayyar ta yanke, sadaka ba ta daina fita ba, amma ta daina zama reno. Mun ga ya dace mahalarta wannan taro, waɗanda yawancinsu masu horar da malaman makaranta ne, su dubi al'amarin ta wannan fuska, domin yawancin magungunan da aka gwada a zamaninmu gini suka sa a gaba.

Birnin da Ƙofofinsa

Ganuwar Zariya ta kewaye fili mai faɗi ƙwarai, tsawonta ya kai kusan mil goma, kuma har cikin ƙarni na 20 babban ɓangare na abin da ta kewaye gonaki ne da fadamu da kududdufai. Ana shiga birnin ta ƙofofi kamar su Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Galadima. Ta waɗannan ƙofofi ne hatsi da itace suke shigowa daga ƙauyuka, ta nan ne kuma yaran ƙauye suke shigowa da allunansu bayan an gama girbi.

Mun zaɓi mu tsaya a Ƙofar Galadima ne saboda sarautar da take ɗauke da sunanta. Bisa ga abin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka rubuta game da al'adun sarautar Haɓe ta Zazzau, wadda ta koma Abuja bayan jihadi, Galadima shi ne wanda ake bar wa gari idan sarki ya fita yaƙi da sauran manyan sarakuna, shi ne kuma mai kula da sha'anin suna da auren 'ya'yan sarki. Ke nan tun kafin jihadi tsarin mulkin Zazzau ya san cewa dole a sami wani wanda aka ɗora wa nauyin waɗanda aka bari a gida, watau mata da tsofaffi da yara. Tambayar da wannan takarda ke bi ita ce, wa ya riƙe wannan nauyi a kan yaran da iyayensu ba sa kusa?

Zariya gari ne na karatu tun kafin Malam Musa ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kori Sarki Makau a 1808. Unguwar Kona da Unguwar Juma tsofaffin mazaunan malamai ne, kuma birnin ya yi suna musamman wajen nahawu da lugga, har ɗalibai daga nesa sukan zo su ƙarasa waɗannan fannoni a nan. Sunayen malamai irin su Malam Shitu ɗan Abdurra'ufu, da Malam Umaru Wali, da Shehu Yahuza a ƙarni na 20, sun isa shaida. Garin da ya tara malamai haka kuwa dole ya tara baƙin ɗalibai, manya da ƙanana, kuma dole ya san yadda zai ciyar da su.

Abin da Shari'a ta Shimfiɗa

Kafin mu dubi al'ada, ya kamata mu tuna abin da malaman birnin suke karantawa a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, domin a kansu alƙalai suke yanke hukunci. A mazhabar Malikiyya ciyar da yaro da tufatar da shi wajibi ne a kan ubansa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan aure ya mutu, ko uba ya rasu, reno na uwa ne, in babu ita sai kakar wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a koma ga dangin uba. Dukiyar maraya tana hannun wasiyyi, in babu wasiyyi alƙali ya naɗa wanda zai kula da ita har yaron ya yi hankali. Jaririn da aka tsinta kuwa, ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a baki ɗaya, in wani ya yi ya ɗauke wa saura, kuma idan ba shi da dukiya baitulmali ne zai ciyar da shi.

Bayan wannan akwai zakka, wadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade wa masu cin ta kashi takwas, fakirai da miskinai su ne a gaba. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi na sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da manomin Zazzau ya sani da dami ɗaya cikin kowane dami goma. Akwai kuma zakkar fidda kai a ƙarshen azumi, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum.

Abin lura a nan shi ne, shari'a ba ta taɓa sauke nauyin ciyarwa daga kan uba don ya tura ɗansa karatu ba. Abin da ya faru shi ne al'ada ta samo hanyar da jama'a za su karɓi nauyin a madadinsa, bisa amincewar cewa shi ma yana karɓar na wani.

Duwatsun Murhu Uku

A Masar da Maroko da daular Turkiyya, hubusi ne yake riƙe da makarantu, watau mai dukiya ya tsayar da kantuna ko gidaje ko gonaki, a riƙa kashe abin da suke kawowa a kan ɗalibai har abada. Mutanen Kanem ma sun gina wa ɗalibansu masauki irin wannan a Alƙahira tun ƙarni na 13. Ƙasar Hausa ba ta shahara da manyan hubusai irin waɗannan ba. Dalili kuwa a fili yake: ƙasar noma tana da yawa, ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe kowace shekara, dukiyar mutane kuma tana cikin hatsi da tufafi da dabbobi da yawan hannuwan da ke gandu. Saboda haka tukunyar almajiri ta zauna ne a kan duwatsu uku.

Dutse na farko shi ne gonar malam. Yaron da aka kawo wa malami ya zama ɗaya daga cikin mutanen gidansa. Da damina yakan yi noma a gonar malam da safe, a yi karatu da asuba da kuma dare, kuma abin da aka girbe shi ne tushen abincin makaranta. Tun da akwai gonaki a cikin ganuwa da bayanta, malamin birni ma manomi ne. Da rani manyan almajirai sukan kama sana'a, musamman ɗinkin hula da aikin riga da hannu, wanda birnin Zariya ya shahara da shi har yau. Ƙanana kuma su ne masu samo itacen da ake hura wa don karatun dare. Kuɗin Laraba da iyayen 'yan gari suke bayarwa, da sadakar da ake yi idan yaro ya kai wata sananniyar sura, da ragon walimar sauka, duka ƙari ne a kan wannan tushe.

Dutse na biyu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne tukunyar matan gida. A nan ya kamata a bambanta yara iri biyu. Akwai 'yan gari, maza da mata, waɗanda ke zuwa zauren malam su yi karatu su koma gida su ci su kwana. Akwai kuma baƙi, waɗanda kusan duka maza ne, domin ba a tura 'ya mace karatu wani gari. Baƙon yaro shi ne mai bara, kuma barar tasa tana da lokaci da iyaka. Yakan fita da ƙoƙonsa a lokacin da aka sauke tuwo, ya bi gidajen unguwar da makarantarsu take, ya tsaya a soro ya yi sallama. Kafin a jima yakan sami gida ɗaya da ya zama nasa, inda uwar gida za ta riƙa ajiye masa rabonsa, shi kuma ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata niƙa, ya je mata kasuwa, tun da ita tana kulle. Wannan mace ita ce uwar ɗakinsa. Ita za ta lura in ya rame, ita za ta ba shi tsohuwar rigar ɗanta da sabulu, in ya yi kwana biyu bai zo ba ta aika a tambayi malam lafiya. Sau da yawa zumuncin yakan wuce shekarun karatu, yaron ya girma yana kawo gaisuwa da kaji ko dawa daga ƙauyensu.

Akwai wani abin da ya ƙarfafa wannan dutse, shi ne ramuwa. Gidan da ke ciyar da ɗan wani, sau da yawa nasu ɗan yana can gabas ko wani gari yana cin tuwon wata. Attajirai da malamai, har da wasu masu sarauta, sukan tura 'ya'yansu, bisa imanin cewa yaro ba ya karatu a gaban uwarsa, kuma wahala tana koya masa ƙanƙan da kai. Uwar da ta zuba wa almajiri tuwo tana yi ne da tunanin nata.

Dutse na uku shi ne rumbun hukuma. A zamanin daular Sakkwato hakimai da dagatai ne suke tara zakkar hatsi, kuma daga abin da ke shiga hannun sarki ake yi wa malamai alheri da hatsi da riguna, musamman a watan azumi da lokutan salla. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hanyoyin shigar dukiyar baitulmali da inda ya halatta a kashe ta a cikin littafinsa Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano. Ba za mu ce kowane sarki ya bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa ba, domin yawancin alherin fada yana tsayawa ne a kan manyan malamai da limamai, ƙaramin malamin allo sai abin da ya gangaro. Duk da haka, malami ya san yana da haƙƙi a dukiyar jama'a, sarki ma ya san da haka.

Riƙo da Tallafi

Maraya kuwa, ba a san wani gida na musamman da ake tara irinsa ba, domin dangi ne suke shanye shi. Al'adar riƙo ta ba kaka da gwaggo da inna da kawu damar su ɗauki yaro, ko da iyayensa na da rai, yawanci bayan yaye. Macen da Allah bai ba haihuwa ba, danginta ko dangin mijinta sukan ba ta ɗa ko 'ya, ta rena, ta aurar. Shaida mafi kyau da muke da ita daga ƙasar Zazzau ita ce labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su, kuma a yadda ta ba da labari wannan abu ne da kowa ya saba da shi. Tun da yara suna yawo tsakanin gidajen dangi ko da babu mutuwa, ranar da mutuwa ta zo akwai hanyar da aka riga aka share.

Kada mu ƙawata abin fiye da yadda yake. Karin maganar Hausa a kan maraya da ɗan riƙo da agola cike suke da ambaton wuya, abin da ke nuna ba kowane gida ne ya riƙe amana ba. Bugu da ƙari, Zazzau ta ƙarni na 19 ƙasa ce ta rinji da hare-haren kama bayi zuwa kudu, kuma da yawa daga cikin yaran da ke cikin birnin an raba su da iyayensu ne da ƙarfi. Wannan rahama da muke bayani ba ta game su daidai da 'ya'ya ba. Haka nan a shekarun yunwa, kamar ta 1913 zuwa 1914, tukunyar da ba ta ishi masu gida ba ba ta kaiwa ga baƙo.

Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A wancan lokaci an ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 20,000 a Jihar Arewa, da ɗalibai wajen 250,000. Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma gaskiya ne ba a rufe makarantun ba. Sai dai an janye musu dutse na uku ba tare da hayaniya ba. Daga dokar haraji ta 1906 aka shiga haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da talakawa ke biya, sannu a hankali suka zama haraji guda da ake biya da tsabar kuɗi. Wajen 1911 an kafa baitulmalin En'e, wanda ya gaji tsohon suna, amma kuɗinsa na albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai ne, da gyaran hanyoyi, da 'yan makarantun boko. Manomin da ya sayar da hatsi ko auduga ya biya haraji, zakkarsa ta koma abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, in ya ga dama ya fitar, in bai ga dama ba babu mai tambayarsa.

A wannan zamani ne kuma aka fara ganin wani sabon salo na taimakon yara, watau a tara su a gida ɗaya a ƙarƙashin wata hukuma. Dokar bauta ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi, waɗanda ba a san garuruwansu ba, gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru, daga baya a 1909 aka miƙa su ga 'yan mishan a Rumasha. A cikin birnin Zariya kuwa, Dokta Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a Durumin Maigarke daga 1905, yana ba da magani, yana kuma riƙe da yara a gidansa yana koya musu karatu, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Daga wannan reno ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa. Ba a musun cewa yaran sun sami abinci da magani da ilmi mai inganci. Amma da yake taimakon ya zo tare da kiran canja addini, mutanen birni sun ɗauki darasin cewa gidan da baƙo ya gina don yara wurin raba ɗa da iyayensa ne. Wannan zargi ya shafi makarantar boko ta En'e ma, ya kuma daɗe bai gushe ba.

Abu na uku shi ne hanya. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa Sabon Gari da Tudun Wada a bayan ganuwa, daga baya motoci suka biyo. Tafiyar da a da sai gardi mai ƙarfi yake yin ta a ƙasa, yanzu yaro ɗan shekara shida yana iya yin ta a yini guda. Sababbin unguwannin kuma na baƙi ne, masu kuɗi a aljihu amma ba rumbu a gida. A tasha da kasuwa aka fara ba almajiri kwabo a maimakon tuwo, mai bayarwa bai san sunansa ba, ba zai kuma sake ganinsa ba.

Daga Mulkin Kai Zuwa Yau

Zariya ta zama cibiyar ilmin boko ta Arewa. An dawo da kwalejin da aka fara a Katsina, wadda a yau ake kira Barewa, zuwa nan a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Takardar shaida ta zama mabuɗin albashi, wanda ya sauke Alƙur'ani kuwa ba shi da takardar da ofis zai karɓa. Masu hali suka mai da 'ya'yansu boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya jawo yawancin 'ya'yan birni. A nan ne ramuwar da muka ambata ta yanke. Tura yaro karatu wani gari ya zama kusan na talakan ƙauye kaɗai, mai bayarwa a birni kuma ba shi da ɗa a bakin ƙofar kowa. Abin da a da musaya ce tsakanin tsara ya koma kyauta daga sama zuwa ƙasa, raini kuma ya shigo.

Sauran duwatsun biyu ma sun motsa. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro mutane da yawa daga ƙauyukan arewa, kuɗin mai ya karya darajar noma, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya tsananta tsadar abinci. Gonakin cikin ganuwa gidaje suka cinye su, har malamin birni ya wayi gari da yara masu yawa ba shi da kadada ko ɗaya. Magidancin da ke auno hatsi da mudu kullum ba ya barin saura a tukunya. Gidajen zamani kuma an yi musu ƙofar ƙarfe a inda soro yake a da, alhali soro shi ne wurin kwanan almajiri da wurin sallamarsa. Ci-rani, wanda a da ke ƙarewa da faɗuwar ruwan farko, ya zama zama na shekara da shekaru. Bayan tarzomar Maitatsine ta Kano a 1980, sai hukuma ta fara kallon almajiri da idon tsaro.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri iri-iri. Wani ƙiyasi na gwamnatin tarayya a 2010 ya ce almajirai sun kai miliyan 9.5. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa, amma da yawa daga cikinsu sun lalace saboda ba a tanadi kuɗin abinci da albashi mai ɗorewa ba. Jihar Kaduna ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2018. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka kwashi almajirai a motoci suka mayar da su jihohinsu na asali. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Idan muka auna waɗannan matakai da tarihin da muka bi, za mu ga na 2012 ya maimaita salon gidan Zungeru, watau a gina wuri a tara yara, na 2020 kuma ya mai da yaro ga uban da talauci ya sa ya tura shi tun farko. Babu ɗayansu da ya nemi ya gyara abin da ya karye, watau alaƙar yaro da wani baligi sananne da za a tambaya in wani abu ya same shi.

Kammalawa

Mun ga cewa renon yaron da ba na gida ba a birnin Zariya ya zauna ne a kan gonar malam, da tukunyar uwar ɗaki, da rumbun hukuma. Mulkin mallaka ya janye na uku, ƙaruwar jama'a ta cinye na farko, na biyu kuma ya raunana da tsadar rayuwa da ficewar masu hali daga tsarin. Ba za a iya mai da gonaki cikin ganuwa ba, ba kuma muna kira a koma ƙarni na 19 da bayinsa da yunwarsa ba ne. Amma tarihi ya nuna mana inda ƙarfin tsarin yake, kuma ana iya gina sabo a kan wannan.

Shawara ta farko, a koma ga hukuncin da ke cikin Risala, a tunatar da iyaye daga kan mumbari cewa ciyarwa tana kansu ko ina ɗansu yake, a kuma hana karɓar yaron da bai kai ya kula da kansa ba. Ta biyu, kowane mai unguwa, tare da limami, ya san adadin baƙin yaran da ke unguwarsa, da malaminsu, da garinsu, a kuma haɗa kowane yaro da gida ɗaya sananne. Ta uku, a tsara tara zakkar hatsi a matakin unguwa da gunduma, a kuma ƙarfafa wa attajirai su tsayar da hubusin gonaki da kantuna don makarantu, abin da magabata ba su bukata ba amma mu muna bukata. Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi tun 2003, ana iya nazarin nasararta da gazawarta. Ta huɗu ta shafe mu kai tsaye: kwalejojin horar da malamai su buɗe ƙofa ga alarammomi, su ba su horo da takardar shaida, domin malamin da ke da albashi ba ya dogara da ƙoƙon yaro.

Daga ƙarshe muna kira ga sassan tarihi da na Hausa su tura ɗalibansu unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Galadima da Kona da Juma, su zauna da tsofaffin matan da suka riƙe almajirai da marayu, su rubuta abin da suka sani. Malamai sun bar littattafai da sunayensu a kai. Matan da suka ciyar da ɗaliban malaman kuwa, abin da suka sani yana bakinsu ne kawai, kuma kowace shekara suna raguwa.

Allah ya sa mu dace.